Matar da Ke Cikin Hular Yaya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin yayana ya ce bai san wani abu ba. Tambaye shi abin da ya sa firij ke gurnani, zai gaya maka. Tambaye shi abin da ke damun kyanwar maƙwabta, zai gaya maka, ya ɗora da tarihin kyanwoyi tun daga farko. Ko ba ka tambaya ba ma zai gaya maka. A gidan waya ya ƙare aikinsa yana buga hatimi a kan ambulan, kuma a ganinsa duk garin da ya taɓa karanta sunansa a bayan wasiƙa, ya je shi ke nan. 'Yan layinmu suka sa masa Ƙamus. Da zolaya suka sa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Cika bakin ba shi ne babban ciwon ba. Ciwon shi ne Yaya ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Ka ce masa jiya ka je, kafin ka faɗi inda ka je ya ce asibiti, ya sani, ya fara ba ka sunayen magunguna, alhali kai kasuwa ka je. Matarsa, Allah ya jiƙanta, da gira da kafaɗa ta ƙare hira da shi. Da ta rasu, 'ya'yan kuma kowa ya kama gidansa, sai Yaya ya dawo wuyana, don ƙofar gidana tana kallon tasa. Safe, rana, yamma yana kan doguwar kujerar falona, yana cin girkina yana koya mini yadda ake yinsa. Mijina, wanda bai taɓa son aiki ba, ya fara neman ƙarin aiki a ofis don kada ya dawo da wuri.

Shi ya sa ranar da na ga idon Yaya ya faɗa kan Malama na yi hamdala a fili. Malama ƙawata ce, malamar makaranta mai ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Mace ce mai natsuwa, ga murya mai sanyi irin wadda ke sa aji ya yi tsit ba tare da bulala ba. Ni na shiga tsakani, ni na yi ta kai gwauro ina kai mari, kuma ba zan ɓoye ba, rabi don Yaya nake yi, rabi don kujerata. Shi dai da gaske yake sonta. Na san haka ne don ya fara goge takalmi, ya kuma daina zuwa gidana da rigar barci.

Wata rana da yamma suna falona, hira ta biyo ta kan tsohon gari, wato unguwar da ke cikin katanga, mai dandali-dandali da tsofaffin gine-gine, wadda baƙi ke zuwa daga nesa su kalla, mu kuwa da muke kusa sai mu shekara ba mu leƙa ba. Malama ta ce tana son wurin ƙwarai, ta ce ai kwanakin baya ma ofishin kula da tsohon gari ya neme ta, suka ce...

Abin da suka ce ba wanda ya ji. Yaya ya riga ya miƙe zaune. Ya ce tsohon gari a tafin hannunsa yake, babu dutsen da bai san wanda ya ajiye shi ba, masu yi wa baƙi jagora ma wurinsa suke zuwa idan abu ya shige musu duhu. Ya ce ranar Asabar zai zaga da ita dandali bayan dandali, ta ji tarihin da ba ya cikin littafi. Malama ta dube shi ta ce to, Allah ya kai mu, idan sun gama zagayen za ta ba shi amsar da yake ta nema.

Tana fita na tuna masa cewa rabonsa da tsohon gari tun yana da gashi. Ya ce kada in damu, yana da dabara.

Dabarar a cikin wayarsa take. Likita ya daɗe da ce masa ya riƙa tafiyar ƙafa, sai babbar 'yarsa ta saka masa wata manhaja wadda ofishin tsohon gari ya fitar. Kana tafe, murya na yi maka bayani a kunne: ga abin da ke gabanka, ga wanda ya gina shi, juya dama, miƙe. Ta haɗa masa da ɗan iyafis mara igiya, ƙarami kamar ƙwayar wake. Ta ce ya kunna lokeshan, wato abin da ke sa waya ta san inda mutum yake tsaye, bayanin zai riƙa zuwa da kansa. Yaya ya ce sam, shi ba za a riƙa bibiyarsa kamar ɓarawo ba, ya san abin da masu waya ke yi da irin wannan. Ta ce to idan bai kunna ba sai ya riƙa dannawa da kansa, amma lallai ya... Nan ya katse ta ya ce ya gane. Sauran maganar sai daga baya ta gaya mini: lallai ya fara daga ƙofar kogi, don daga can aka jero bayanin har zuwa ƙofar tasha.

Shirin Yaya ke nan: iyafis a kunne, hula a karkace ta rufe kunnen, waya a aljihu, babban yatsa a kan wurin dannawa. Muryar ta faɗa, shi ya maimaita, Malama ta sha mamaki. Na ce ya je ya gwada hanyar ko sau ɗaya kafin ranar. Ya ce wanda bai sani ba shi ke gwaji. A kan gado ya yi nasa atisayen, a kwance, idanu a rufe, yana gyaɗa kai. Na tambaye shi wa ke magana a ciki. Ya ce wata mata ce mai shegen surutu, ba ta ba mutum damar sa baki.

Da a ce ya yi shiru ya tafi da Malama su biyu, da ko me ya faru da sauƙi. Amma Yaya ya bi layi gida-gida yana gayyata. Mai askin bakin layi, wanda ya shekara da shekaru yana aske kan Yaya yana musu da abin da ke cikinsa, ya rufe shago ranar Asabar guda, ranar ciniki, ya ce ko da kuɗi ake shiga wannan kallon zai je.

Bas ta sauke mu a ƙofar tasha, don can ta fi kusa. Mun kai mu goma sha wani abu, har da masu goyo. Yaya ya sha farin kaya, ga sanda mai kan azurfa da ya aro, ga hula a karkace kamar za ta zame. Malama ta dubi ƙofar ta ce, "Malam, ba ta ɗaya ƙofar ake..."

"Jahilai ke farawa ta can," in ji Yaya. Ya sa hannu a aljihu.

Sai ya karkatar da kai, ya zuba wa sama ido, ya yi shiru. Wannan shirun kaɗai ya isa abin kallo, mai aski har ya tambaya ko a kira likita. Can sai magana ta fara fitowa daga bakin Yaya, gutsure-gutsure, kalmomi masu daɗi da tsari waɗanda duk wanda ya san shi ya san ba nasa ba ne. Ya yi mana barka da zuwa. Ya ce ta wannan ƙofa fatake ke shigowa da kayansu bayan sun sauka daga jiragen ruwa. Ya ce mu dubi hagunmu, mu ga kogin da ya haifi wannan gari, mu saurari kukansa.

Muka dubi hagu. Wurin wankin mota ne, ruwan kumfa na gangarowa cikin kwata.

Mai aski ya ce, "Ƙamus, wannan ne kogin?"

"Ya janye," in ji Yaya. "Da can har nan yake kawowa."

"Jiragen fa?"

"Ƙanana ne. Mutanen da ba su da almubazzaranci."

Yaron da ke wanke wata tasi ya tsaya da tiyo a hannu yana kallonmu. Yaya ya sake karkatar da kai ya ce, da murya mai taushi, "Idan ka shirya, danna gaba." Muka dubi juna. Ya yi tari ya ce yana nufin mu yi gaba. Na saci kallon Malama don in ga irin ɓarnar da aka yi. Ba ta ɗaure fuska ba. Ido ta ƙanƙance, tana kallon hular Yaya kamar yadda take kallon ɗalibin da ya ɓoye takarda a hannun riga.

Titi ɗaya ne ya ratsa tsohon garin daga ƙofa zuwa ƙofa, dandalin duk a kansa suke, shi ya sa Yaya bai ɓata ba, kuma shi ya sa bai gane a baibai yake tafiya ba. Muka iso dandali na farko. A tsakiyarsa ga wani ƙaton mutum-mutumi na tagulla, ya ɗaga hannu sama, tattabaru sun yi masa ado a ka. Ko makaho zai san shi ne abin kallon wurin. Yaya ya wuce shi ko kallo babu, yana dube-duben ƙasa, don matar da ke cikin hularsa rijiya take ba shi labari.

Wata maƙwabciyarmu ta tambaya wane ne wannan mutumin na tagulla. Yaya ya ce wani ne kawai, ba shi da tarihi, an sa shi ne don a cike fili.

Can gefe ya hango wani zagayayyen bakin siminti, an ture murfinsa gefe. Ya ɗaga sanda ya kira mu. Ya ce ga tsohuwar rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun fari. Ya ce ruwanta ya shayar da sarakuna da talakawa da dabbobinsu. Ya ce mu sunkuya mu leƙa, mu ja numfashi, mu ji sanyin da ke tasowa daga cikinta. Mutanen kirki suka sunkuya suka ja. Wata mai goyo ta koma da baya tana kakarin amai, yaron bayanta ya tsandara kuka. Mai aski ya toshe hanci ya ce lallai sarakunan da suna da ƙarfin ciki. Yaya ya ce warin tsufa ne, duk abin tarihi haka yake, shi ma ya sunkuya don ya nuna mana, hannu ɗaya dafe da hula. Sai ga kan mutum ya ɓullo daga cikin ramin, da fitila a goshi da safar roba har gwiwar hannu, ya ce don Allah mu matsa mun tare masa haske, magudanar ban-ɗakin kasuwa ce ta toshe.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya kuwa ya ce wa mutumin ya yi aikinsa da kyau, don wurin da yake tsaye ba ƙaramin wuri ba ne.

Daga nan ayarinmu ya fara ƙaruwa. Masu zaman benci, masu tallar tabarau, wasu 'yan mata da suka fito ɗaukar hoto, kowa ya biyo, don labari ya bazu cewa ga wani dattijo yana nuna wa mutane masai yana cewa rijiya ce. Yaya ya waiga ya ga taro, ya ƙara buɗe kafaɗa. Ya raɗa mini cewa in duba yadda ilimi ke jan mutane.

Sai kuma Allah ya ba shi sa'a, wadda ta fi rashin sa'ar illa. Dandalin agogo shi ne na tsakiya, ko ta wace ƙofa ka shigo a nan lissafi ke haɗuwa. Yaya ya ce mu ɗaga kai mu ga hasumiyar agogo, muka ɗaga, ga hasumiya, ga agogo. Ya ce a ƙarƙashin agogon akwai zanen tsuntsu mai riƙe da mabuɗi, muka duba, ga tsuntsu, ga mabuɗi. Ya ce maginin ya bar tubali ɗaya baƙi a kusurwa don a tuna da 'yarsa, wani yaro ya ruga ya dawo ya ce wallahi akwai. Taro ya ɗauki tafi. Mai aski ya yi tsuru-tsuru, ni kaina na fara tunanin ko kujerata za ta huta. Na dubi Malama, sai na ga leɓɓanta na motsi tare da na Yaya, har tana riga shi. Na ɗauka addu'a take yi masa.

Yaya ya ɗaga sanda a yi shiru. Ya ce yanzu mu shiga ƙofar da ke damanmu, a buɗe take ga kowa, mu hau matakala zuwa saman rufi mu ga gari gaba ɗaya. Ga wanda ya fito daga kogi, damar ita ce ƙofar hasumiya. Mu da muka fito daga tasha, damarmu wata koriyar ƙofa ce da takalman yara a bakinta. Bayan tsuntsu da mabuɗi wa zai yi musu? Yaya ya tura ƙofa, muka bi shi ɗuu.

Tsakar gida ce, ga igiyar shanya, ga wani tsoho daga shi sai tawul yana yanke farce, ga wata tsohuwa tana wanke tukwane. Yaya ya ɗaga musu hannu kamar ma'aikatan wurin, ya ce su ci gaba da aikinsu, ya nufi matakala yana bayanin cewa malamai da masana da yawa sun taka waɗannan duwatsu. Tsohon ya riƙe tawul da hannu biyu. Tsohuwar ba ta tambayi ko su wane ne mu ba, tsintsiya ta ɗauka, mai dogon mariƙi. Yadda muka shiga a jere ba haka muka fito ba. Mai aski ya bar takalmi ɗaya a ciki, aka wurgo masa ta kan katanga. Yaya ya fito ƙarshe da ruwan wanke-wanke a bayan farar rigarsa, har yanzu hannunsa na kan hula, ya ce zai kai ƙarar masu kula da wurin, ba su iya karɓar baƙi ba.

Na ja shi gefe na ce ya isa haka, ya ce ciwon gwiwa ya tashi mu koma gida da sauran mutunci. Ban kai rabin maganar ba ya ce ya san abin da zan ce, in bari, mafi daɗin yana gaba.

Dandali na gaba ƙarami ne, da inuwar bishiyoyi. A tsakiyarsa ga rijiya ta gaske, da bakin dutse da igiya ta sassaƙe, da murfin ƙarfe, da allo a jikinta. Mai aski ya ce, "Ƙamus, ga rijiyarka ta biyo mu." Yaya ya ce wannan ta jabu ce, don baƙi aka yi ta. Shi mutum-mutumi yake nema yanzu, don shi matar hula ta shiga bayani. Kuma ya samu. Kusa da rijiyar, a kan wani akwati, akwai irin mutanen nan da ke shafe jiki da fenti ruwan tagulla tun daga hula har takalmi, su tsaya ƙiƙam ba motsi, masu wucewa su yi hoto su jefa musu wani abu a gwangwani. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ko ƙiftawa ba ya yi.

Yaya ya tsaya a gabansa ya cire tabarau. Ya ce ga wanda ya kafa garin nan. Ya ce ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, yaƙi ya zo ya wuce, bai taɓa sauke hannun nan ba. Na ga idon mutumin ya ɗan juyo. Jama'a sun gane, amma kowa ya cije leɓe yana jira. Yaya ya ce mu lura da gwiwarsa ta hagu, baƙi sun saba ƙwanƙwasa ta don su ji yadda tagullar ke amsawa. Ya gyara riƙon sanda, ya auna, ya sauke kan azurfar a ƙoƙon gwiwar.

Tagulla ta amsa. Wanda ya kafa gari ya ƙwalla ƙara, ya diro daga akwati yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana ambaton iyayen Yaya da kakanninsa. Tattabaru suka watse, mutane suka zube ƙasa don dariya, mai aski ya rungume bishiya yana share hawaye. Sai da ni da Malama muka ba mutumin haƙuri, ta duba masa gwiwar, fenti ya ɓata mata hannu. Yaya yana gefe yana gaya wa duk mai saurare cewa tun daga nesa ya gane, gwada shi yake yi, kuma ya faɗi jarrabawa.

Da muka iso ƙofar kogi rabin tsohon gari na bayanmu. Ga kogi shimfiɗe, faɗinsa ya isa, ga gada, ga ƙananan jirage a ɗaure. Aka bar wa Yaya fili. Zufa ta jiƙa masa wuya, amma ya hau wani dakali don kowa ya gan shi, ya fuskanci ruwa, ya ce a nan ne jirgin ƙasa na farko ya tsaya, yana huci yana fitar da hayaƙi.

"A kan ruwan?" in ji mai aski.

"An janye layin dogon," in ji Yaya. Ya karkatar da kai don ya ji ci gaba.

Bai ji komai ba. Kwana da kwanaki yana atisaye a kan gado, bai taɓa sa ɗan iyafis ɗin a caji ba, don 'yarsa ba ta samu ta kai wannan wurin a bayaninta ba. Ya daki kunnensa ta kan hula. Ya yi murmushi ga jama'a. Ya sa hannu a aljihu ya danna da ƙarfi. Yaya kunnensa ya fara nauyi, saboda haka a ƙure yake barin ƙarar waya. Sai ga murya ta fito daga aljihun farar riga, tar, har masu jirage suna ji:

"...ya tsaya, yana huci yana fitar da hayaƙi, mutanen gari suka gudu suka hau katanga."

Ba a yi dariya nan take ba, don 'yan layinmu duk sun san muryar. Rabinsu mai muryar ta koyar da su, rabi ta koyar da 'ya'yansu. Kai bayan kai ya juya wajen Malama, tana tsaye da jaka a hannu, bakinta a rufe, muryarta kuwa na fita daga aljihun yayana.

Mutum ɗaya ne bai juya ba. Yaya ya zaro wayar yana dannawa ta ko'ina, ta ƙi yin shiru. Da ya ga asiri ya riga ya tonu, sai ya koma borin kunya. Ya ɗaga wayar sama ya ce to ga mai laifin nan, kowa ya gani. Ya ce wannan matar ita ta ɓatar da shi tun safe, ba ta san hagu ba ba ta san dama ba, ba ta taɓa taka tsohon gari ba. Ya ce ko wace ce ita, kamata ya yi a hana ta magana a bainar jama'a, surutu ne kawai ba kai ba gindi. Na ja rigarsa har ta kusa yagewa. Ya ce in sake shi, gaskiya yake faɗa.

Wayar ta shiga jawabin ƙarshe. Sai Malama ta matso gaban dakalin ta ɗauka tare da ita, kalma da kalma, numfashi da numfashi: ta gode wa mai sauraro da ya ba ta kunnensa, tana fatan ya ji daɗin tafiyar, ya sauka lafiya. Murya biyu, ba ka iya raba su. Wayar ta yi shiru, ita ma ta yi.

Yaya ya dubi wayar, ya dubi Malama, ya sake duban wayar. Jama'a suka fashe, amma ni dariyar ba ta zo mini ba, tausayinsa ne ya kama ni, ban taɓa ganin fuskarsa a haka ba.

Malama ta jira hayaniya ta lafa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, na ce zan ba ka amsa. Rijiyar ba ta dame ni ba, gwiwar bawan Allah ma za ta warke. Da ka tambaye ni, da ni zan riƙe maka wayar. Wata nawa kana zuwa wurina, kwana nawa kuma ina cikin kunnenka, ba ka gane muryata ba. Ba za ka gane ba, don ba ka taɓa jin ta ba. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Har ta kai ƙarshe bai katse ta ba. Ta gyara jakarta, ta ce mini sai mun yi waya, ta hau gada. Mai aski ya dubi Yaya, ya miƙa masa hannu ya sauko da shi daga dakalin.

Kujerata dai ba ta huta ba, mijina ma bai daina ƙarin aiki ba. Na koma wurin Malama sau biyu da roƙo, ta ba ni shayi ta canza hira. Abin da ya canza shi ne safiya. Yanzu Yaya yakan sa iyafis a caji, ya kunna lokeshan, ya ce duk mai son bibiyarsa ya bibiya. Yakan shiga bas har ƙofar kogi, ya tako har ƙofar tasha, shi kaɗai, hula a daidai. Likita ya yaba masa, ya ce hawan jinin ya sauka. Mai aski ya ce ya gan shi ran nan a gindin hasumiyar agogo, tsaye, shiru, bayanin ya ƙare ya mayar da shi farko.

Jiya yana cin abinci a falona, bai gyara mini girkin ba. Can ya ajiye cokali ya ce, "Ashe matar nan ta iya magana."

Na ce ta daɗe da iyawa, Yaya, tun kafin a saka ta a waya. Ya bari na ƙarasa, sannan ya ɗauki cokalinsa.